Jinin da aka ɗauka basir ne: nazarin ciwon dajin hanji na wani ɗan kasuwar albasa a Tawa

Mutumin da wannan rubutu ya shafa ɗan kasuwar albasa ne a Tawa, yana da shekara 52 lokacin da aka kwantar da shi. Ya yarda a ba da labarin ciwonsa bisa sharaɗin kada a ambaci sunansa ko unguwarsu, don haka Alhaji kawai zan riƙa ce masa, kamar yadda ake ce masa a tashar albasa. Ni aikin jinya nake yi, kuma ban san shi ba sai bayan an yi masa aiki, da aka ce in koya wa iyalinsa kula da jakar bayan gida da aka liƙa masa a ciki. Abin da ya faru kafin nan daga bakinsa na ji, da bakin uwargidansa, da kuma tarin takardun magani da ya adana cikin wata tsohuwar jakar hannu.

Kamar yawancin mazan Adar, ya yi ƙuruciyarsa a ci-rani, Abijan ya fi daɗewa. Da ya tara jari sai ya dawo gida, ya shiga sayen albasa daga lambunan Galmi da Tamaske yana lodawa zuwa kurmi. Mutum ne mai jiki, mai tumbi, wanda yawancin cinsa a tasha yake: tsire, balangu, shayi da burodi. Ya sha sigari kusan shekara ashirin kafin ya bari. Mahaifinsa ya rasu a ƙauye da abin da 'yan gida suka kira kumburin ciki, ba a kai shi asibiti ba, balle a san ko mene ne.

Bayan kaka ya fara ganin jini. Ba jan jinin nan ba ne mai ɗiga bayan an gama, wanda masu basir suka saba gani. Jini ne mai duhu, cakuɗe da bayan gidan, wani lokaci har da majina. Mai shiga masai na rami ba ya ganin abin da ya fita daga cikinsa, shi ma da bai sani ba sai da ya tsuguna a daji wata rana kan hanyar lambu. Daga nan ciki ya canza hali: ya ɗaure kwana uku ko huɗu, sannan ya ɓalle da zawo, ya sake ɗaurewa. Uwargida ta lura yana daɗewa a bayi, ta tambaye shi. Amsar da ya ba ta ita ce amsar da kusan kowane magidanci zai bayar: "Zahi na, Hajiya, ba komi."

Ya nufi masu maganin gargajiya na kasuwar Lahadi, waɗanda ke shela da lasifika cewa babu namijin da ba shi da basir. Ya sha jiƙon sabara, ya sha na bagaruwa, ya sha wani haɗi mai jar kanwa da ke wanke ciki. Kuma ya ji sauƙi, abin da ya kamata a tsaya a duba ke nan, domin ba ƙarya ya yi ba. Babban hanji ya kai kimanin mita ɗaya da rabi. Yana tashi daga ƙasan ciki ta dama, ya hau sama, ya gilma ƙarƙashin haƙarƙari, ya gangaro ta hagu, ya yi lanƙwasa sannan ya ƙare a dubura. Aikinsa tsotse ruwan da ya rage a abinci, shi ya sa bayan gida yake da ruwa-ruwa a ɓangaren dama, ya yi tauri kafin ya iso hagu. Ciwon Alhaji a lanƙwasar nan ta hagu yake. Dajin da ke fitowa a wurin yakan kewaye hanjin yana matse shi, kamar bakin buhu da ake ja da igiya sannu a hankali. Bayan gida mai tauri ba ya wucewa da sauƙi, amma mai ruwa yana wucewa. To duk maganin da zai sa zawo zai sa mutum ya ji ciki ya saki, ya yi wa mai magani godiya, ya koma ya ƙaro. Sauƙin na gaske ne, sai dai ƙofar tana nan tana ƙara tsukewa.

Da zawon jini ya dame shi, ya je wani ƙaramin asibiti na unguwa. Aka ce atuni ne, aka rubuta masa Flagyl. Ba zan ɗora wa wanda ya rubuta laifi a zuwan farko ba. Atuni ya yi yawa a ƙasarmu, kuma in mutum ɗari sun zo da zawo mai jini da majina, mafi yawansu shi ke damunsu. Inda aka yi sake shi ne zuwa na biyu, bayan wata biyu, da ciwo iri ɗaya, aka sake rubuta magani iri ɗaya. Atunin da ya ƙi jin magani a jikin ɗan shekara hamsin da ɗoriya ya wuce a ci gaba da yi masa cinta. Ba a sa hannu an duba duburarsa ba, ba a auna jininsa ba, shi ma kuwa bai faɗi duka ba. Matashiya ce ke kan kujera ranar, tsarar 'yarsa, ya ce nauyin bakinsa ya hana shi ambaton inda jinin ke fitowa da yadda yake. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, in ji shi, yana dariya, lokacin da yake ba ni labari.

Damina ta same shi da kasala. Hawa bayan mota don duba lodi ya fara sa shi haki, tafin hannunsa ya yi fari. Ya yi zazzaɓi, aka gwada aka sami na cizon sauro, aka yi magani, kowa ya ce ai ga dalilin kasalar. A wannan karon an auna jini, an ga ya yi ƙasa, aka ba shi ƙwayoyin ƙarin jini masu sinadarin ƙarfe. Su kuma waɗannan ƙwayoyi baƙanta bayan gida suke yi, saboda haka jinin da yake ɗan gani ya ɓace masa cikin baƙin, ya ɗauka ya tsaya. A wajen likitoci ƙa'ida ce tsohuwa: namiji baligi, ko macen da ta daina al'ada, in jininsa ya ragu saboda ƙarancin ƙarfe, to a nemi inda yake zuba a ciki kafin a sallame shi da ƙwaya. Namiji ba ya haila, ba ya haihuwa. Ta ina jinin ya bi?

Rama ta biyo baya. Zariyar wando ta fara yi masa yawa, azurfar da ke yatsansa ta fara juyawa. A tasha wasu suka ce ciwon suga ne, wasu suka ce kasuwa ce ta yi masa nauyi, wata gwaggonsa kuwa ta ce sammu ne na abokan hamayya, ta aiko da rubutu. Ya sha.

Takardar da aka naɗe

Kusan wata goma sha ɗaya da ganin jinin farko, ƙanensa da ya zo hutu daga Abijan ya gan shi ya firgita, ya tisa shi gaba zuwa wurin wani likita. Wannan likitan ya yi abin da ya dace. Ya tambaye shi dalla-dalla, ya taɓa cikin, ya sa safar hannu ya duba dubura. Ya kuwa sami basir, ɗan ƙarami. Da wani ne da a nan maganar ta ƙare, an sami mai laifi. Amma basir abu ne da ya yawaita ƙwarai, samunsa ba ya kore wani ciwon a sama da shi, kuma yatsan likita ba ya wuce santimita bakwai ko takwas. Likitan ya gaya masa a fili: "Alhaji, basir ɗin nan bai isa ya ramar da kai haka ba. Sai an leƙa cikin hanjin." Ya rubuta masa takardar zuwa Yamai a yi masa koloskopi, wato a zura siririn tiyo mai kyamara da fitila ta dubura a bi babban hanjin tun daga ƙarshe har farko.

Alhaji ya naɗe takardar ya sa aljihu. Lokacin dashen albasa ne, ya riga ya raba wa masu lambu kuɗinsa bashi a kan za su biya da amfani. Yamai kimanin kilomita 550 ce daga Tawa, sai an bi ta Tsarnawa da Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso, yini guda a mota. Ga kuɗin mota, ga na gwajin, ga na ɗan rakiya, ga kuma bayanin yadda ake yin gwajin wanda bai kwanta masa ba ko kaɗan. Ya ce bari albasa ta fito.

A ganina wannan wata uku da takardar ta yi a aljihu su ne mafi tsada a duk labarin. Ba domin dajin ya tsiro a cikinsu ba. Yawancin dajin babban hanji daga ɗan tsiro yake farawa, wanda ba ya ciwo ba ya komai, kuma yakan ɗauki shekara goma ko fiye kafin ya rikiɗe. Na Alhaji ya daɗe yana nan tun yana ganin kansa garau. Amma da ya je a lokacin, da an ga ciwon, an ɗebi ɗan yanki an auna, an yi masa hoton sikana, wato na'urar da ke nuna cikin jiki dalla-dalla, an wanke hanjin, an sa ranar aiki. A irin wannan aikin na tsanaki likita yakan yanke wurin da ya lalace ya haɗa bakin biyu a zama ɗaya, mutum ya tashi da cikinsa a rufe. Abin da jinkirin ya ƙwace masa ke nan.

Albasa ba ta kai ga fitowa ba ƙofar ta rufe. Kwana uku ba bayan gida, ba ko tusa, ciki ya kumbura ya yi tauri, sai amai, daga baya aman ya fara wari. Cikin dare aka kai shi asibiti. Hoton ciki ya nuna hanji cike da iska da ruwa. A yankinmu in magidanci ya zo da haka, abin da likitan tiyata ya fi zato shi ne murɗewar hanji, domin ta yawaita a ƙasashen Afirka. Sai da aka buɗe aka tarar da ƙulli mai tauri ya shaƙe lanƙwasar hagu. Aka yanke wurin tare da kitsen da ke riƙe da shi, inda jijiyoyin jini da kaluluwa suke. Ba a haɗa hanjin ba. Hanjin da ya kumbura, cike da ƙazanta, a jikin mutumin da jininsa ya yi ƙasa, in an ɗinke shi ɗinkin na iya ɓallewa a ciki, wannan kuwa ajali ne. Sai aka rufe guntun ƙasa aka bar shi, aka fito da bakin na sama ta fatar ciki a gefen hagu. Hukuncin daidai ne, shi ya ceci ransa. Amma ya farka ya tarar da abin da ba wanda ya taɓa gaya masa akwai shi a duniya.

Naman da aka cire aka sa cikin kwalba da ruwan magani, ɗansa na biyu ya kai Yamai wurin masu auna nama. A can ne, a tsangayar koyon aikin likita ta Jami'ar Abdu Mumuni, ake riƙe da rajistar masu cutar daji ta Nijar tun 1992. An yi makonni ana jira. Sakamako ya nuna daji ne na fatar cikin hanji, irin wanda ya fi yawa, ya ratsa kaurin bangon hanjin, kuma cikin kaluluwa 14 da aka duba an same shi a 5. Sikana ta nuna hanta da huhu lafiya, su ne kuwa wuraren da wannan ciwo ya fi saurin zuwa. Wato mataki na uku cikin huɗu.

Matakin nan shi ne kusan komai. A ƙididdigar Amurka, cikin mutum goma da aka gano nasu bai fita daga hanji ba, kimanin tara suna raye bayan shekara biyar. In ya kai kaluluwar da ke kusa, kimanin bakwai. In ya yi nisa zuwa hanta ko huhu, ba su cika biyu ba. Lissafin ƙasar da ke da kayan aiki ne, ba za a ɗauko shi a ɗora wa Tawa kai tsaye ba, amma yana nuna yadda tazarar take. Ciwon kuma ba baƙo ba ne: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2020 an sami sababbin masu dajin babban hanji da dubura fiye da miliyan 1.9, fiye da 930,000 suka rasu, shi ne na uku a yawa cikin cututtukan daji, na biyu a kisa. Masu cewa ciwon Turawa ne ba su zauna a ɗakin tiyatarmu ba. Abin da ya bambanta namu shi ne yadda masu shi ke isowa, da yawa sai ciki ya toshe ko ciwon ya yi nisa, kuma ba duka ne tsofaffi ba.

Sai rigimar wa za a gaya wa. Ƙanen na Abijan, wanda shi ke aiko da mafi yawan kuɗi, ya ce ta waya kada a kuskura Yaya ya ji kalmar "kansa", wato daji, zuciyarsa za ta karye. Babban ɗan, ɗan fari, tsakaninsa da uban akwai kunya, ko ɗakin ba ya daɗewa a ciki. Aka kwana biyu ana ce wa Alhaji ƙari ne aka cire, an gama. Na san da kyakkyawar niyya ake irin wannan ɓoyo, amma ban taɓa ganin ya yi amfani ba a ciwon da maganinsa ke buƙatar wata shida na wahala. Ta yaya za ka sa mutum ya riƙa yin kilomita dubu da ɗari zuwa da dawowa duk mako uku, ya sha maganin da zai jigata shi, alhali an ce masa ya warke? Shi da kansa ya warware. Ya dubi likita ya ce: "Lokotoro, ni ɗan kasuwa na. Hwaɗa mini gaskiyar kaya, in san abin da za ni biya." Aka faɗa masa. Ya yi shiru, ya yi salati, sannan ya tambayi nawa ne.

Shimiyo da hanyar Yamai

Iyalin sun ji labarin injin ƙona daji da aka fara aiki da shi a 2021 a Cibiyar Yaƙi da Cutar Daji ta Ƙasa da ke Yamai, da taimakon hukumar makamashin nukiliya ta duniya, suka ɗauka shi za a yi masa. Aka bayyana musu cewa ƙonawa ta fi amfani a dajin dubura. Na babban hanji aiki ne da shimiyo, wato maganin da ke bin jini yana kashe ƙwayoyin ciwon da ido da sikana ba sa gani. An fi so a fara cikin mako shida zuwa takwas bayan aiki. Nasa ya ɗan gota, saboda jiran sakamako da haɗa kuɗi.

Tsarin da aka ɗora shi a kai magani biyu ne. Ɗaya, oxaliplatin, ƙarin ruwa ne da ake sawa ta jijiya rana ɗaya. Ɗayan, capecitabine, ƙwayoyi ne da ake sha safe da yamma bayan cin abinci kwana 14, a huta kwana 7, a sake zagayowa. Wanda ciwonsa bai kama kaluluwa da yawa ba wata uku kan ishe shi, amma mai biyar irin Alhaji wata shida aka yanka masa, zagaye takwas. An zaɓi wannan tsari ne domin ɗayan da aka saba, na duk mako biyu, da ya ƙara masa wahalar hanya. Yakan shiga motar asuba, ya sauka gidan wani ɗan garinsu a Bukoki, a auna jini washegari, in ya yi kyau a sa ruwa, ya kwana ya juyo.

Tun 2007 gwamnati ta ayyana maganin dajin mata kyauta, na nono da na mahaifa. Hanjin namiji bai shiga ciki ba. Kuɗin Alhaji daga aljihun dangi ya fito: 'yan Abijan suka yi karo-karo, aka sayar da raguna, aka sayar da wani fili da ya saya don auren 'ya'ya. Sau ɗaya an ɗage zagaye saboda jinin ya yi ƙasa, sau ɗaya kuma saboda kuɗi ba su iso ba, wannan na biyun bai gaya wa likita gaskiyar dalilin ba.

Gashinsa bai zube ba, zubewar kuwa ita ya fi tsoro, kuma waɗannan magunguna ba su cika zubar da gashi ba. Abin da ya same shi sanyi ne. Kwanakin farko bayan ƙarin ruwan, in ya taɓa kofin ruwan randa sai yatsu su yi masa kamar an ja wuta, in ya kurɓa maƙogwaro ya shaƙe. Halin maganin ke nan. Uwargida ta koma ɗumama masa ruwan sha da na alwala. Ƙwayoyin kuma suka sa tafin hannu da na ƙafa ja da tsagewa, man kaɗe ya taimaka. A zagaye na shida yatsun suka fara mutuwa ko babu sanyi, har sa maɓallin riga ya gagare shi, likita ya tsayar da na jijiyar, aka ƙarasa da ƙwayoyi kaɗai. Ya kamata mai shan wannan magani ya san haka tun farko, ya faɗa da wuri, domin in an matsa, mutuwar yatsun kan zauna. Na Alhaji har yanzu ba su dawo daidai ba, ƙirga kuɗin takarda yana ba shi wuya.

Jakar

A nan na fi sanin labarin, kuma in ka tambayi Alhaji zai ce maka jakar ta fi shimiyo wuya. Bakin hanjin da ke fitowa a ciki ja ne, mai damshi, faɗinsa bai wuce bakin ƙaramin kofin shayi ba. Ba ya jin zafi in an taɓa, yakan ɗan yi jini in an goge da ƙarfi, wannan ba abin tsoro ba ne. Ba shi da abin riƙewa, duk lokacin da hanji ya motsa sai ya fitar, ko mutum na cikin taro. Jakar tana da faifai mai danƙo da ake yanka wa rami daidai girman bakin. In ramin ya yi faɗi, ƙazanta ta zauna kan fata ta cinye ta. In ya matse, ya yanki hanjin. Makonnin farko bakin yana raguwa, don haka sai an riƙa sake awo. Na yanka wa Hajiya ma'auni da kwali, ta riƙa ɗorawa tana zana da biro.

Ranar farko da na ɓare jakar a gabanta ta kau da kai. Rana ta uku ita ta yi da hannunta: ruwan ɗumi, tsumma mai laushi, ba sabulu mai ƙamshi ba, ba man shafawa ba, domin danƙon ba ya kama fata mai maiƙo, a bar wurin ya bushe sarai, a liƙa, a danne da tafin hannu minti ɗaya ko biyu. Zafin Tawa a watan Afrilu abokin gaba ne, gumi kan saki danƙon kafin lokacinsa. Jakunkunan kuma tsada gare su, ba kowane kantin magani ke da su ba, daga Yamai ko Abijan ake aiko masa. Akwai makon da suka yanke, suka koma ledar ƙanƙara da filasta, fatar ta saɓule ta yi ja, sai da muka yi kwanaki muna jinyarta. Wanda zai yi wa mai irin wannan lalura alheri, kwalin jaka ya fi masa buhun shinkafa.

Abinci bai zama matsala sosai ba. Tuwo, fura, shinkafa, duk yana ci. Wake da kabeji da ɗanyar albasa ne ke cika jakar da iska, ya rage su, abokan tasha suka samu abin tsokana, wai dillalin albasa albasa ta kore shi.

Masallaci ne ya fi ci masa rai. Wata biyu bai je jam'i ba, yana ganin ba shi da tsarki, yana kuma tsoron ƙara ko wari a cikin sahu. Limamin unguwarsu ya zo gaishe shi, ya matsa masa har ya faɗi dalili. Malamin ya ce masa hukuncinsa irin na mai yoyon fitsari ne: a mazhabar Malikiyya abin da ke fita ba da ikon mutum ba, yana kuma lazimtarsa mafi yawan lokaci, ba ya karya alwala, najasar da kauce mata ya yi wuya kuma an yi rangwame a kanta. Ya zubar da jakar kafin salla in ya samu hali, ya yi alwala, ya zo. Abin da bakina ya kasa yi cikin makonni, limamin ya yi shi a zama ɗaya. Alhaji ya koma, yana tsayawa a ƙarshen sahu kusa da ƙofa, babbar riga ta rufe sauran.

Bayan an gama shimiyo aka yi masa koloskopin da aka rubuta tun farko. Dole ne, domin wanda aka yi wa aikin gaggawa ba a ga sauran hanjinsa ba, kuma mai daji ɗaya na iya samun wani tsiron a gaba. Ya yini yana shan ruwan wanke ciki, aka bi da kyamarar ta bakin da ke cikinsa, aka kuma duba guntun ƙasa. An sami tsiro biyu ƙanana a ɓangaren dama, aka cire su nan take ta cikin tiyon, ba yanka ba ɗinki. Bayan wasu watanni aka sake buɗe shi aka haɗa hanjin, aka rufe ramin. Aiki ne babba shi ma, ba kowa ke samun a mayar masa ba. Yanzu yana zuwa bayi kamar kowa, sai dai ya fi da yawan zuwa, kuma wurin tsohon ramin ya ɗan kumburo, an hana shi ɗaga buhu.

Ba a ce ya warke ba tukuna. In wannan ciwo zai dawo, ya fi dawowa cikin shekara uku na farko, shi ya sa ake bin mutum har shekara biyar: gwajin jini na CEA (wani sinadari da kan ƙaru in ciwon ya dawo) duk wata uku zuwa shida, sikana lokaci-lokaci, da sake koloskopi. An ce masa ya riƙa tafiya da ƙafa, ya yawaita ganye da hatsi, ya rage jan nama. Tun 2015 hukumar binciken cutar daji ta duniya ta sa naman da aka sarrafa da gishiri ko hayaƙi don ajiya cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo dajin hanji, jan nama kuma cikin waɗanda ake kyautata zato. Wannan ba ya nufin tsire ne ya jawo na Alhaji. Shekaru, ƙiba, sigari da gado duk suna cikin lissafi, ba mai iya ware ɗaya ya ce shi ne.

Maganar gadon ce ta rage a buɗe. A Faransa ana kiran duk mai shekara 50 zuwa 74 ya yi gwajin ɓoyayyen jini a bayan gida duk shekara biyu, Amurka kuma ta sauko da shekarun farawa zuwa 45 a 2021. Amma wanda uwarsa, ubansa, ɗan'uwansa na ciki ɗaya ko ɗansa ya yi wannan ciwo, shawarar da aka saba bayarwa ita ce ya fara tun yana 40, ko shekara goma kafin shekarun da aka gano na ɗan'uwan, duk wanda ya riga zuwa. Alhaji su shida ne wajen mahaifinsu, duka sun haura arba'in. Ƙanen na Abijan ya je an duba shi a can, an cire masa tsiro ɗaya. Biyu sun ce sai bayan albasa. Yayarsu mace ta ce ita ba abin da za a zura mata tana zaune lafiya, autansu kuma yana Libiya, waya ma ba kullum ake samunsa ba. Babban ɗan Alhaji yana da shekara 29, saura goma sha ɗaya lokacinsa ya yi, kuma da yake uban ba zai iya yi masa wannan magana ba, an bar wa kawunsa ya gaya masa.